Da Sauƙi, In Ji Dakta

Na gama digirina na biyu ana saura makonni kaɗan a rufe Malesiya saboda korona. Na riga na ɗaure littattafaina a kwali, na sayo tsarabar gyale da yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman, sai aka soke jirage. Haka na zauna a ɗakina a hawa na sha ɗaya a unguwar Danau Kota, na fita daga sahun ɗalibai kuma ban shiga na ma'aikata ba, ina leƙen titin da babu kowa a kansa sai 'yan babur masu kai abinci. A wannan zaman ne aka nemi in yi tafinta. Ban taɓa yi ba. Ilimin laburare na karanta, kuma ina jin abin da ya sa aka tuna da ni bai wuce cewa an san ni da tsoron kuskure ba.

Wanda zan yi wa tafintar ya girme ni da kusan shekara goma. Malamin jami'a ne a gida, ya zo yin digiri na uku a fannin injiniya, yana zaune da matarsa a gidan haya a Pantai Dalam. Dakta muke kiransa tun bai gama ba, da farko don tsokana, daga baya ya bi shi. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka, shi ya koya mini cewa tapau ake cewa in ana so a ƙunsa wa mutum abinci ya tafi da shi. Watanni kaɗan kafin kullen, wata motar kaya ta buge shi yana tsallaka titi zai je tashar jirgin ƙasa. Ƙashin bayansa ya karye, laka ta taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya iya motsa komai. Kansa ma ya bugu. Hankalinsa ya dawo daidai, amma Turancin da ya rubuta rabin kundinsa da shi ya yi masa nauyi. Yana ji, yana ganewa, sai dai in ya zo amsawa Hausa ce ke riga fita, in kuma ya matsa wa kansa sai ya gaji ya yi shiru. Matarsa, wadda nake kira Anti, Turancinta na sayen cefane ne.

Lauyan da ya shigar masa da ƙara a kan kamfanin inshorar motar shi ya kira ni ya yi mini bayani. Ya ce kotu ba abin da ya faru kawai za ta duba ba, har da abin da zai biyo baya. Mutum ne da bai kai arba'in ba, wataƙila yana da shekaru masu yawa a gaba. Wa zai ɗaga shi, wa zai yi masa wanka, wane irin gado, wace irin katifa, sau nawa za a canza keken guragu, awa nawa a rana yake bukatar mai kula da shi. Akwai ƙwararriyar da za ta yi masa tambayoyi ta rubuta tsarin duk wannan, kuma a kan rahotonta za a yi gardama. Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai: sau ɗaya ake yanke irin wannan hukunci. Abin da bai shiga takardar ba, babu ranar da za a dawo a ce an manta.

Ya aiko mini da wata takarda in sa hannu. Ta ce zan fassara abin da aka faɗa kamar yadda aka faɗe shi, ba ƙari, ba ragi, ba ra'ayina. Na karanta ta sau uku, na sa hannu, na manna kwafinta a bango saitin teburina. A lokacin daɗi ma na ji. Doka ce mai sauƙin bi, ko haka na zata.

Da yake an hana zirga-zirga, 'yan sanda sun tare hanyoyi, ta bidiyo aka yi zaman farko, da hantsi. Taga uku a fuskar kwamfutata: ni, su, da ƙwararriyar. Dattijuwa ce 'yar ƙasar, ta daɗe tana koya wa waɗanda suka ji mummunan rauni yadda za su rayu a gida. Puan muke ce mata, yadda suke girmama mace a can. Dakta ya bayyana a zaune cikin farar shadda da hula, gemu a gyare, kamar zai je ɗaurin aure. Sai daga baya na san awa ɗaya da rabi Anti ta yi tana shirya shi.

"Tafinta, ba hula?" ya ce da ya gan ni. "Kotu ce fa. Kada ka ja mana raini a gaban baƙuwa."

Na yi dariya na ɗauko hula. Puan ta tambayi me ya ce, na fassara mata, ita ma ta yi dariya, ta rubuta wani abu. Yanzu in na tuna, ina zargin har wannan rahar ta shiga lissafinta, amma ban tabbata ba.

Ta fara bin takardunta. Na ce, "Dakta, ta ce yaya raɗaɗin nan na ƙafafu, wanda ka ce wa likita kamar wuta?"

"Da sauƙi."

Na ɗan yi jim. Na tuna da jim ɗin sosai, don shi ne abin da na fi komawa kansa. Na kalli takardar bango. Sannan na ce mata da Turanci, "Better." Wato abin yana raguwa.

Ta ɗago kai ta sake tambaya, na mayar masa: "Ta ce ya fi sauƙi a kan lokacin da aka sallamo ka?"

"Alhamdulillahi. Da sauƙi sosai."

Haka muka yi ta tafiya. Barci fa? Ana samu. Zancen banɗaki fa? Ya kawar da kai ya ce ana ƙoƙari. A ina za su zauna nan gaba, nan ko gida? Inda Allah ya ajiye mu. Da aka zo kan Anti, sai ta matso gefen hoton, rabin fuskarta kawai ake gani. Ɗaga shi yana ba ta wahala? Ba komai, ai lada ne. Akwai masu taimaka mata? 'Yan'uwa suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Kowace amsa na ɗauke ta na ajiye a Turanci yadda take. Da muka gama Puan ta yaba mini, ta ce ban cika surutu ba irin na wasu tafintoci. Na wuni ina jin daɗin yabon.

Bayan sati uku lauya ya turo mini rahoton, ya ce in karanta musu da Hausa. Shafuka ne masu yawa, kuma aiki ne na tsanaki: katifa mai iska, kujerar wanka, gashin ƙashi, ganin likitan mafitsara, har da batirin ajiya saboda matsalar wuta in sun koma gida. Sai a tsakiya na iske inda ta rubuta cewa majinyacin da bakinsa ya ce raɗaɗi yana raguwa, yana samun barci, matarsa tana kula da shi ba tare da wahala ba, kuma suna da dangi a kusa. Don haka ta ba da shawarar mai kula na awa huɗu da rana. Na dare, ta ce ba ta ga bukata ba a yanzu.

Na kira su na karanta. Da na kai wurin dangi, sai na dakata.

Anti ce ta fara magana. "Waɗanne dangin?"

"Kin ce 'yan'uwa suna taimakawa."

"Ai ku nake nufi. Ku da kuke rataya mana tapau a ƙofa. Yanzu ma da aka kulle gari wa muke gani?"

Na ce to barcin fa? Ta ce ai yana samu, tsakanin juyi da juyi. Na ce wane juyi? Sai ta gaya mini, da muryar da za ta faɗi farashin albasa, cewa duk awa biyu take tashi ta juya shi, dare da rana, tun ranar da aka sallamo su, don kada jikinsa ya yi gyambon kwanciya. Ta ce duk da haka wani ya fara fitowa a ƙasan bayansa. Ta ce in ƙafafun suka fara fizga, sai ta hau ta danne su har su lafa.

"Anti, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ba ta tambaya ba. Ta ce yaya barci."

"Amma Dakta ya ce da sauƙi."

Ta ɗan yi dariya, ba ta mugunta ba. "Haba Tafinta. Kai da kake Bahaushe ba ka san da sauƙi ba?"

Na sani. Wannan ne abin. Kawuna, ranar da zai rasu, na shiga gaishe shi da safe yana numfashi da ƙyar, na ce Kawu ya jiki, ya ce da sauƙi. Kafin la'asar an yi masa sutura. Babu wanda ya ce Kawu ya yi ƙarya, don babu wanda ya ɗauki maganar a matsayin labarin jikinsa. Amsar gaisuwa ce. Tun ina yaro na san haka, kamar yadda na san ba a miƙa abu da hagu. Amma da aka zaunar da ni gaban kwamfuta, aka ba ni takarda mai hatimi, sai na ajiye abin da na sani na ɗauki ƙamus.

Washegari na kira lauya. Na shirya abin da zan faɗa a rubuce, amma duk da haka na yi ta kewaye-kewaye har ya katse ni.

"Fassarar ce ba daidai ba?"

Na ce kalmar dai daidai na fassara ta.

"To ina matsalar?"

Na yi ƙoƙari. Ya saurara, kuma ba zan ce bai fahimta ba. Sai dai ya ce rahoton ya riga ya isa hannun lauyoyin inshora. Puan kuma ba ma'aikaciyarsa ba ce, ba zai ce mata ta goge ta sake ba. Iyakar abin da za a iya shi ne in rubuta mata bayani, in ta yarda ta sake zama da su ta yi ƙarin rahoto. Amma in sani, in ji shi, ɗaya ɓangaren za su ce da aka ga awa huɗu ta yi kaɗan ne aka koma aka koya wa majinyaci abin faɗa.

Puan ta yarda. Lokacin an ɗan sassauta dokar, jiragen ƙasa na cikin gari sun dawo aiki. Ita ba za ta zo ba, tana zaune da mahaifiyarta tsohuwa, tana tsoron ɗauko mata cutar, amma ta ce ni in je in riƙe waya. Na sa takunkumi biyu, na hau jirgi kusan ni kaɗai a taragon, kowace kujera ta biyu an manna mata alamar kada a zauna. Rabona da shiga cikin gidan tun kafin a sallamo shi.

Falon ya koma ɗakin jinya. An ture kujeru jikin bango, gado a tsakiya, leda shimfiɗe a ƙasa da bokiti biyu, domin ƙofar banɗakin ta fi keken ƙanƙanta, a falo ake masa wanka. Kwamfutarsa tana kan firji an rufe ta da ɗankwali. Anti ta rame har na kusa tambayarta ko ba ta da lafiya, sai na tuna amsar da zan samu.

Na isa da wuri da niyyar in yi masa magana kafin a kira. Anti ta shiga kicin, na durƙusa gefen keken.

"Dakta, don Allah yau in ta tambaya, ka faɗa mata yadda abin yake."

"Yaya yake?"

"Yadda Anti ta gaya mini."

 "So kake in zauna gaban baiwar Allah in ce babu sauƙi? Wanda muka kwanta ɗaki ɗaya da shi a asibiti, inji ke yi masa numfashi. Ni ina cin tuwo da hannuna. Ina sallah da hankalina."

"Ba ƙorafi ba ne, Dakta. Bayani ne."

"A Turancinku bayani ne. A bakina ƙorafi ne." Ya waiga wajen kicin ya rage murya. "Kuma tana jina. Yarinyar nan rabonta da barcin awa uku a jere tun yaushe? In buɗe baki a gabanta in ce duk abin da take yi ban ga sauƙi ba? Kai za ka iya?"

 Sai wani tsoro ya taso mini: abin da nake yi a durƙushe a nan, ba shi ne koya wa majinyaci abin faɗa ba? In aka rantsar da ni a kotu aka tambaye ni ko na yi magana da shi kafin zaman, me zan ce? Na miƙe na koma kujera. Ya lura, ya yi murmushi.

"Ka tuna takardarka ko? Zauna abinka. Madam, kawo wa Tafinta shayi, jikinsa rawa yake."

Da Puan ta kira, sai ta fara da ban haƙuri. Ta ce ta karanta wasiƙata, kuma laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, mahaifiyarta ma haka take amsa wa likita, ya kamata a ce ta gane. Na fassara. Dakta ya ce a gaya mata uwarta mutuniyar kirki ce. Sannan ta ce yau ba za ta tambayi yaya abu yake ba. So take a nuna mata. Ta ce in ba damuwa, a mayar da shi daga keke zuwa gado yadda ake yi kullum, tana kallo. "Boleh?" ta ce, wato zai yiwu?

Ya kalle ni. Na san abin da ke ransa, ko ina jin na sani. Ni ƙaninsa ne a wannan gari, shi ya ɗauki jakata a filin jirgi. Can ya ce, "To. Tunda mota ce ta kawo mu nan, a nuna mata yadda ake sauka daga tawa motar."

Na tsaya a bakin taga na ɗaga wayar. Anti ta tattare hijabinta ta ɗaure a ƙugu. Ta ja keken jikin gado ta danne birki, ta sauke ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ta gyara robar fitsarin don kada ta fizge. Ta sa gwiwoyinta ta tokare nasa, ta rungumo shi ta ƙarƙashin hammata, ya sa hannuwansa a wuyanta. Ta ce bismillahi ta ɗaga. Ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Suna tsakanin keke da gado sai ƙafarsa ta dama ta miƙe da kanta ta fara fizga, ta doki ƙafarta, suka karkata su biyun. Hularsa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin gado.

Ban san abin da ya kamata in yi ba. In jefar da wayar in tare su, Puan ba za ta ga abin da muka taru don ta gani ba. In ci gaba da riƙewa, ina kallon mutum zai faɗi da karyayyen baya. Na yi taku ɗaya na tsaya. Ban ajiye wayar ba, ban kuma riƙe ta daidai ba, daga baya Puan ta ce rabin abin silin ta gani. Kafin in yanke shawara Anti ta yi wani nishi ta jefa su duka kan katifar. Ta danne ƙafar har ta lafa, ta jera matasai a bayansa da tsakanin gwiwoyinsa. Sannan ta tsaya a sunkuye, hannu ɗaya a bakin gado, ɗaya a ƙugunta, ta kasa miƙewa.

Puan ta yi magana a hankali. Na ce, "Anti, ta ce yaya bayanki?"

Ba ta ɗago ba. Tana haki ta ce, "Da sauƙi."

 Sai Dakta, yana kwance yana kallon sama, ya fashe da dariya har ƙirjinsa na rawa. "To Tafinta, ga ta nan ta dawo. Sai ka san yadda za ka yi da ita."

Na juyo da wayar na kalli Puan. Ban fassara ba. Na ce mata, "Kalmar nan da na rubuto miki a kanta ce ta faɗa." Ta gyaɗa kai, ta ce in faɗo mata haruffan ɗaya-ɗaya. Na faɗa. Babu ƙa mai lanƙwasa a kwamfutarta, don haka da ka ta rubuta, kuma haka kalmar ta shiga takardun kotun wata ƙasa, da kuskuren rubutu.

Ba komai aka nuna ba ranar. Gyambon, ya ce ba zai buɗe ba. Zancen banɗaki, ya ce ta tambayi asibiti, suna da shi a rubuce. Juyin dare kuwa babu yadda za a nuna shi da hantsi. Anti ta faɗa, sau nawa, ƙarfe nawa, na fassara, amma shaidarsa ɗaya ce: bakinta, ta bakina.

Ƙarin rahoton ya fito da shawarar mai kula dare da rana, da na'urar ɗaga majinyaci, da a duba bayan Anti. Na yi murna kwana biyu. Sai lauya ya kira ya ce ɗaya ɓangaren sun amsa. Sun ce ga rahoto biyu daga hannu ɗaya, wanne za a ɗauka? A na farko majinyaci ya ce yana samun sauƙi, har sau biyu, da fara'a, yana raha. Sun kuma gano cewa tafintan abokin mai ƙara ne. Suna so nasu ƙwararren ya duba shi, da wani tafintan, in an buɗe gari.

Lauya ya ce in rubuta bayanin kalmar in yi rantsuwa a kai. Na yi kwana huɗu ina rubuta shafi uku. Da ya dawo mini da shi, ya ja layi a kan duk inda na ce wataƙila, ko galibi, ko a iya sanina. Ya ce kotu ba ta son wataƙila. Ya rubuta mini jimla ɗaya a madadinsu, cewa a Hausa wannan kalma gaisuwa ce kawai, ba ta nufin ciwo ya ragu.

Na ce ba zan iya rantsuwa a kan haka ba.

"Ba abin da kake ta gaya mini ke nan ba?"

Na ce shi ne, amma ba kullum ba. Wani lokaci mutum yana cewa da sauƙi kuma sauƙin ne da gaske. Wanda zazzaɓi ya sake shi ma abin da zai ce ke nan. Mu muna ganewa ne daga murya, daga fuska, daga wanda ya yi tambayar da kuma wanda ke zaune a wurin. Ya ce to ranar farko, daga murya da fuska, me na gane? Na ce ta kwamfuta ne, hoton yana yankewa, kuma yana sanye da shadda. Ya yi ajiyar zuciya. A ƙarshe muka bar galibi guda ɗaya. Har yau ina tunanin ko wannan galibin ya rage wa Anti wasu awanni na barci. Ina kuma tunanin in da na cire shi, da na rantse a kan abin da na san ba haka yake ba. Ban san wanne ya fi ba.

An sa ranar zama, aka ɗaga saboda an sake kulle gari. Aka sa wata, aka ɗaga. Takardar zamana ta ƙare, jirage suka fara tashi jefi-jefi, na samu kujera. Na je sallama na tsaya daga bakin ƙofa saboda gwajin korona da na yi na tafiya. Dakta ya ce in gaida gida, in kuma daina tafiya kamar wanda ya kashe mutum. Anti ta ba ni yaji a kwalba in kai wa mahaifiyarta.

Daga baya na ji an sasanta ba tare da an shiga gaban alƙali ba. A kan rahoton farko ne, ko na biyu, ko wani wuri a tsakani, ban sani ba. Lauya ya ce ba shi da izinin gaya mini, ni kuma na kasa tambayar Dakta. Sun dawo gida, suna garinsu, tafiyar yini guda daga inda nake aiki. Na ce zan je, ban je ba tukuna.

Nakan kira. Kwanakin baya na kira da rana, Anti ta ɗauka, ta ce yana barci. Muka gaisa. Na buɗe baki zan ce ya mai jiki, sai na fasa. Na ce, "Anti, jiya sau nawa kika tashi?"

Ta yi dariya sosai. "Tafinta, ka karɓi aikin matar nan ne?"

"A'a, tambaya kawai nake. Akwai mai taya ki da dare?"

"'Yan'uwa suna ƙoƙari," ta ce. A gida take yanzu, cikin danginta da nasa, don haka zai iya yiwuwa dangin take nufi. Na kasa kunne ko zan gane daga muryar. Akwai ƙarar janareto a bayanta, layin kuma yana yankewa. Kafin in sake wata tambayar ta ce ga shi can ya farka yana kira, lokacin juyi ya yi, za ta gaya masa na kira.